Tambaya da Amsa: Me 'yan jaridar Turawa na shekarun 1950 ke nufi da "so-called"?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun digiri na biyu a fannin tarihi, ina rubutu da Hausa a kan yadda jaridun Ingila suka ba da labarin yaƙin Mau Mau na Kenya daga 1952 zuwa 1957. Wata kalma ce ta hana ni barci, wato "so-called". Ta fito mini kusan sau arba'in a labaran da na tara, misali "so-called General China" da "so-called Land and Freedom Army". Duka na fassara su da "wanda ake kira", kamar yadda na gani a ƙamus. Malamin da ke duba aikina ya dawo mini da babin, ya rubuta a gefe cewa na kashe maganar. Wani abokin karatuna kuma ya ce ma'anarta "na bogi", har ya ƙara da cewa tunda jaridun lokacin sun rubuta haka, to shaida ce cewa mutanen ba sojoji ba ne, 'yan fashi ne kawai. Saura mako uku in miƙa aikin. Ina tsoron in yi wa mutanen da aka rataye ƙazafi da alƙalamina, ina kuma tsoron in yi wa jarida ƙarya. Wanne ne daidai?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malama. Kwantar da hankalinki, mako uku ya ishe ki, don gyaran labari arba'in bai fi aikin kwana biyu ba in aka bi shi a tsanake. Malaminki ya yi gaskiya. Abokin karatunki kuwa kuskure biyu ya tafka a numfashi ɗaya, kuma in kika bar ƙamus kika kama tasa, kin yi gudun gara kin faɗa gidan zago.

Abin da ƙamus ya ba ki ba ƙarya ba ne, rabin gaskiya ne. Kalmar tana da aikin da take yi ba tare da raini ba, wato gabatar da sabon suna wanda mai karatu bai saba da shi ba tukuna. Ranar 31 ga Janairu 1950 Shugaban Amurka Harry Truman ya fitar da sanarwa cewa ya umarci hukumar makamashin nukiliya ta ci gaba da aiki a kan dukkan makaman ƙare-dangi, har da "the so-called hydrogen or superbomb". Mutumin da ke ba da umarnin a zuba dukiyar ƙasa a ƙera abu ba ba'a yake yi wa abin ba. Sunan ne sabo a kunnen jama'a, shi kansa makamin ba a gwada shi ba sai Nuwamba 1952. A irin wannan wuri "abin da ake kira bom ɗin haidirojin" ya wadatar, kuma duk wanda ya sa "wai" a nan ya yi wa Truman ƙage. Akwai kuma wata sura da ke rikita ɗalibai, inda kalmomin biyu ke zuwa a rabe ba ƙaramin layi a tsakaninsu, sai "because" ta biyo baya. Wannan bayanin asalin suna ne kawai: "an sa masa wannan suna ne saboda kaza". Ki tsame irin waɗannan daga tarinki tun farko, ba ruwansu da zancenmu.

Ɗaya aikin nata shi ne wanda ya cika takardunki. A nan "so-called" taɓe baki ne a rubuce. Ɗan jarida ya kawo sunan don dole sai ya ambace shi mai karatu ya gane wa ake nufi, amma yana so a san bai yarda da sunan ba. Hausa ba ta rasa irin wannan ba, har ma ta fi Turanci gwaninta a kai. Ki saurari "wai" ɗinmu. A tatsuniya a kan ce "akwai wani gari wai shi kaza", ba wanda aka raina. Amma in mace ta dubi mai sayar da ƙwayoyi a tasha ta ce "wai shi likita!", ta gama da shi. Kalma ɗaya ce, murya da fuska ne suka bambanta. Matsalar takarda ita ce ba ta ɗauke da murya, shi ya sa dole ki nemo muryar a wasu alamu.

Alama ta farko: sunan na waye? In sunan da mutane suka raɗa wa kansu ne, kuma mai rubutun yana ɓangaren da ke faɗa da su, to kusan ko yaushe raini ne. Mayaƙan dajin Kenya rundunar ƙasa da 'yanci suke kiran kansu, "Mau Mau" kuwa sunan da gwamnati da jaridu suka yayata ne. Saboda haka in kin ga kalmar a gaban sunan rundunar, amma ba ki gan ta a gaban "Mau Mau" ba, kin san inda aka dosa. Ta biyu: sau nawa ta fito? Mai gabatar da sabon suna sau ɗaya yake sa ta, a farkon ambato, daga nan ya ci gaba da sunan tsurarsa. Mai raini kuwa ba ya gajiya, yau ya sa, gobe ya sa, bayan shekara uku da kowa ya haddace sunan yana nan yana sawa. Ta uku: maƙwabtanta a jimla. In tana tafe da "gang" da "terrorist" da "thugs", ba sai an yi dogon bincike ba. Wani lokaci kuma da gangan ake barin ta a tsaka-tsaki. A Yuli 1952, da aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan wasu abubuwa da aka ce an gani a samaniyar Washington, Manjo Janar John Samford na sojan saman Amurka ya fito ya yi bayani a kan "so-called flying saucers". Sunan na jama'a ne, shi kuma hafsan yana amfani da shi yana kuma nesanta kansa da shi. "Abin da mutane ke kira faya-fayai masu tashi" ya ɗauko duka biyun, saboda "mutane" ɗin nan ya fitar da mai maganar daga cikinsu.

Misalinki na Janar China yana da nasa tarko. Sunan mutumin na yanka Waruhiu Itote, tsohon sojan Ingila ne da ya yi yaƙin Bama, inda kakanninmu da yawa su ma suka yi, daga baya ya jagoranci mayaƙa a Dutsen Kenya har aka kama shi a Janairu 1954. "China" ɗin laƙabin daji ne. To kalmar tana iya hawa kan laƙabin gaba ɗaya, ma'ana "wanda ake yi wa laƙabi da Janar China", tana kuma iya hawa kan muƙamin kaɗai, ma'ana "wani wai shi janar". Ki koma ga asalin shafin ki duba alamun zance. In sun kewaye kalmomin biyu, laƙabi ake nunawa. In "General" kaɗai suka kewaye suka bar "China" a waje, muƙamin ake musantawa. Wannan ɗan bambancin ba ya fitowa a rubutun da na'ura ta kwafo daga hoton jarida, don sau da yawa takan haɗiye alamun ko ta mai da su wani harafi. Sai kin dubi hoton shafin da idonki.

Yanzu ga maganar abokin karatunki, wadda ita ce ta fi damuna, don ba shi kaɗai ba ne. Kullum ana kawo irinta. Wani zai samo hoton tsohuwar jarida, ya ja jan layi a ƙarƙashin "so-called", ya watsa a Facebook da WhatsApp ya ce ga hujja, tun shekara saba'in da suka wuce Turawa suka bankaɗo cewa wane na bogi ne. Sai dubban mutane su yi ta turawa, kowa na cewa ai Bature ba ya rubuta abin da bai bincika ba. Wannan ƙanzon kurege ne. Kalmar nan ba sakamakon bincike ba ce. Ba ta ɗauke da ko ƙwayar hujja ɗaya. Amfaninta ga ɗan jarida ma ke nan: tana ba shi damar yanke hukunci ba tare da ya kawo shaida ba. In ya rubuta cewa wane ya yi ƙaryar muƙami, edita zai tambaye shi ina takarda. In ya manna "so-called" kuwa, ya wuce salin-alin, mai karatu ya haɗiye hukuncin bai ma san an ba shi ba. Abin da kalmar ke gaya miki tabbas guda ɗaya ne, wato ɓangaren da marubucin yake. Game da wanda aka jefa da ita, ba ta gaya miki komai ba.

Ki auna da abin da ya faru a wasu wurare a daidai wannan zamani. An kafa Jamhuriyar Jama'ar Sin ranar 1 ga Oktoba 1949. Ingila ta amince da ita a Janairu 1950, Amurka kuwa ba ta yi ba sai 1 ga Janairu 1979. A tsakanin nan jami'an Amurka da jaridu da yawa na can "Red China", wato Sin ta 'yan gurguzu, suke cewa, in kuma cikakken sunan ya kama su sai su rataya masa "so-called". Har sunan babban birnin aka yi ta ja a kai: suka dage da "Peiping", sunan da gwamnatin 'yan kishin ƙasa ta sa masa a 1928, saboda "Peking" na nufin fadar mulki ta arewa, faɗinsa kuma tamkar yarda ne cewa mulki na hannun Mao, shugaban 'yan gurguzu. To shin gwamnatin da ke riƙe da mutum fiye da miliyan 500, wadda ta gwabza da sojojin Amurka a Koriya, ta bogi ce? Tana nan daram, Amurka ce dai ba ta so ta furta. Haka aka yi da Jamus ta Gabas, wadda aka kafa ranar 7 ga Oktoba 1949. Jaridun Yamma sun daɗe suna sa wa sunanta wannan kalma, jaridun kamfanin Axel Springer a Jamus ta Yamma kuwa sun yi ta kewaye sunan da alamun zance har Agusta 1989, saura 'yan watanni katangar Berlin ta faɗi. A nan akwai ƙamshin gaskiya cikin rainin, tunda ƙasar ta sa "dimokuraɗiyya" a sunanta alhali ba zaɓen gaskiya take yi ba. Amma ba kalmar ce ta tabbatar da hakan ba, katanga da 'yan sandan ciki da mutanen da suka tsere ne suka tabbatar.

Jihohin kudancin ƙasar Amurka sun fi nuna munin abin. Tun da Truman ya aika wa majalisa saƙonsa na haƙƙin ɗan ƙasa a Fabrairu 1948, 'yan siyasar Kudu masu son wariya da jaridun da ke goya musu baya suka riƙe "so-called civil rights" kamar wuridi. Haƙƙin baƙar fata na jefa ƙuri'a da shiga makaranta ɗaya da farare shi ne ake taɓe wa baki. In muka bi ƙa'idar abokinki sai mu rubuta da Hausa cewa jaridun Amurka sun tabbatar haƙƙin baƙar fata na bogi ne. Wa zai sa hannu a wannan? A gida ma mun ga irinsa: bayan 30 ga Mayu 1967 ɓangaren Gwamnatin Tarayya ba ya ambaton Biyafara sai da wannan kalma ko da "'yan tawaye", saboda faɗin sunan tsurarsa tamkar amincewa ne da ɓallewar. Matsayin siyasa ne da na doka, kowane ɓangare da nasa.

Kada kuma ki juya ki ce duk mai amfani da ita azzalumi ne. A ƙarshen Yuni 1950 wani ɗan jarida ya tambayi Truman ko za a iya kiran abin da ke faruwa a Koriya "police action", wato aikin 'yan sanda a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, shi kuma ya amsa da e. Yaƙin ya ci shekara uku da rayukan Amurkawa kusan 36,000, ban da na Koriyawa da Sinawa da suka ninka haka nesa ba kusa ba. Masu sukar gwamnati da suka riƙa rubuta "so-called police action" sun fi gwamnatin gaskiya. Makami ne da kowa ke ɗauka, mai gaskiya da maƙaryaci.

Har akwai inda ba mutum ake raina wa ba, sunan da aka ƙaƙaba masa ake jefarwa. Elijah Muhammad, shugaban ƙungiyar baƙaƙen Amurka ta Nation of Islam, wanda ya yi ta rubutu a jaridar Pittsburgh Courier a ƙarshen shekarun 1950, da almajirinsa na lokacin Malcolm X, ba sa cewa "Negro" sai sun sa "so-called" a gaba. Su ma baƙaƙe ne, mutanensu suke karewa. Abin da suke nufi shi ne wannan suna ba namu ba ne, masu bautar da mu ne suka laƙaba mana. Mai fassarar da ya rubuta "baƙaƙen bogi" ko "wai su baƙar fata" ya kifar da maganar a kanta, ya mai da mai kariya mai zagi. Daidai ita ce "waɗanda aka laƙaba wa sunan Negro". Na'urar fassara ba ta san wannan ba, haka ma masanin da ya yi karatunsa a zauren WhatsApp.

Mu dawo Kenya, don a can kalmar ba taɓe baki kaɗai ta yi ba, ta yi aikin igiya. An kafa dokar ta-ɓaci ranar 20 ga Oktoba 1952. Gwamnatin mulkin mallaka ba ta taɓa yarda cewa yaƙi take yi da runduna ba. Da ta yarda, da maganar fursunonin yaƙi da yarjejeniyoyin Geneva na 1949 ta taso. Sai aka ce masu laifi ne, aka gurfanar da su a kotu kamar ɓarayi, aka rataye mutum 1,090. Dedan Kimathi, babban jagoran mayaƙan, wanda jaridu suka saba kira "self-styled Field Marshal", an kama shi a Oktoba 1956, aka same shi da laifin mallakar bindiga a ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, aka rataye shi ranar 18 ga Fabrairu 1957. Kin ga ashe musanta "janar" da musanta "runduna" a shafin jarida da hukuncin kotu hanya ɗaya suka bi. Gaskiya ne babu sarauniyar da ta naɗa Itote janar, babu makarantar hafsoshin da ta yaye Kimathi. Amma wa ke da ikon naɗa janar a ƙasar da ake jayayyar wa ya mallake ta? Wannan ita ce tambayar da ake yaƙin a kanta, kalmar kuma ta amsa ta ba tare da ta yi ta ba. Ba wai ina wanke mayaƙan ba ne, kisan da suka yi wa iyalan masu goyon bayan gwamnati a Lari a Maris 1953 yana nan a tarihi, ki rubuta shi yadda yake. Amma da shaida za ki rubuta shi, ba da sifa ba.

Wanda kuma yake ganin duk abin da jaridar Turawa ta buga a lokacin tatacce ne, ya tuna da sansanin tsare mutane na Hola a Kenya. A Maris 1959 aka doke tsararru goma sha ɗaya har suka mutu, bayanin farko da hukuma ta bayar kuwa ya danganta mutuwar da shan ruwa daga wata motar ruwa. Sai da binciken gawa ya fito, 'yan majalisa irin su Barbara Castle da Enoch Powell suka tayar da ƙura a Landan, sannan gaskiya ta bayyana. A Yuni 2013 gwamnatin Ingila ta bayyana nadamarta a gaban majalisa, ta biya 'yan Kenya 5,228 da aka azabtar fam miliyan 19.9, har da kuɗin shari'a. Kimathi kuma yana da gunki a tsakiyar Nairobi tun 2007. Wannan shi ne wanda abokinki ke so ki rubuta "na bogi" a gaban sunansa, ki ce jarida ce ta tabbatar.

Ko a matsayin fassara zalla, "na bogi" ya wuce gona da iri. "Bogi" da "jabu" suna nufin akwai na gaske, wannan kwaikwayonsa aka yi don a yaudari mutane. "Sojan gona" shi ma yaudara ce, mutum ya sa kakin da ba nasa ba. Turancin bai kai nan ba, ƙin amincewa kawai ya yi. "Jeka-na-yi-ka" na wanda wani babba ya ɗora ne ba tare da ya ba shi iko ba, ya dace da majalisar da gwamna ya naɗa, bai dace da ɗan tawaye ba. Ki kuma raba "so-called" da 'yan'uwanta biyu. "Alleged" shi ne "wanda ake zargi", yana barin ƙofa a buɗe har kotu ta yi magana. "Self-styled" shi ne "mai kiran kansa", yana ɗora laifin sunan a wuyan mai shi kaɗai, kamar ba wanda ya bi shi. "So-called" ba ta faɗi wanda ya raɗa sunan ba, ta dai ce ni ban karɓa ba. Wasu matasan 'yan jarida na yau suna zaton garkuwa ce daga ƙarar ɓata suna, kamar "alleged". Akasin haka ne. Wanda ya rubuta ta a gaban "likita" ko "lauya" game da mutum mai takardar shaidarsa, ya ce masa maƙaryaci ne a fakaice.

To me za ki sa? Ga muƙamin mutum, "wai shi janar" ko "wani wai shi janar". Ga ƙungiya, "wata wai ita rundunar ƙasa da 'yanci", ko in rainin mai sauƙi ne, "abin da suke kira rundunar ƙasa da 'yanci", domin "suke" ya fi "ake" nesanta mai magana. Wannan ɗan harafin shi ne abin da malaminki ya ce kin kashe: "ake" ya haɗa da kowa har da jaridar, "suke" ya ware ta. Ga aiki ko shiri, "da sunan" ya fi zama, kamar "abin da aka yi da sunan gyara". Kada ki tilasta wa kanki kalma ɗaya a wurare arba'in don wai a ga daidaito. In wani mai duba takardu a ofis ya nace sai fassara ɗaya tak ga kowace kalma, ki nuna masa jimlar Truman da ta Malcolm X ki ce ya ba ki kalmar da za ta ɗauke su duka.

Akwai wani abu game da yadda ake haɗa jarida a wancan zamani da zai hana ki ɗora wa mutum laifin da ba nasa ba. Wakili a Nairobi ta tangaraho yake aiko labari, ana biyan kuɗi a kan kowace kalma, saboda haka a dunƙule yake aikowa, an zubar da duk abin da za a iya zubarwa. Masu tace labari a Landan su ne ke warware shi su mai da shi jimloli, su bi salon gidansu. Sau da yawa a wannan teburin ake ƙara irin waɗannan kalmomi. Kanun labari kuwa ba wakili ke rubuta shi ba sam. Da haruffan dalma ake bugawa, kowane layi da adadin haruffan da zai ci, "so-called" kuma gurbi tara take cinyewa, shi ya sa a kanu sai a maye gurbinta da alamar zance guda-guda a gefen kalmar. Aikinsu ɗaya, ki lissafa su tare. Don haka ki rubuta "jaridar ta ce", kada ki ce "wakilin ya ce", sai in sharhi ne mai ɗauke da sunansa. The Times ma a shekarun da kike bincike ba ta sa sunayen wakilanta, kuma tallace-tallace ne a shafinta na farko har zuwa Mayu 1966, kada ki ɗauka an raina labari don kin same shi a ciki. In kuma kin ga jimla ɗaya sak a jaridu huɗu, to daga kamfanin dillancin labarai irin Reuters ta fito, ko daga sanarwar ofishin watsa labarai na gwamnati a Nairobi. Murya ɗaya ce, ba shaidu huɗu ba.

Ki ɗauki takarda ki ja layuka. Kowane labari ki rubuta ranarsa, sunan jaridar, shafin, ko labari ne ko ra'ayin jarida ko wasiƙar mai karatu, sannan wa ke magana: jaridar da kanta, ko wani jami'i da aka ɗauko maganarsa cikin alamun zance. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, don in a bakin gwamna kalmar take, rainin nasa ne. Sai gurbi biyu na ƙarshe: wace kalma aka jefa, kuma wa ya raɗa ta. In kina neman ƙari a rumbunan jaridu na intanet, ki nema da ƙaramin layin, ki nema babu shi, ki kuma nema a haɗe kamar kalma ɗaya, saboda inda layi ya karye a tsakiyarta na'ura kan ɓata ta. Rumbun Trove na Ostareliya kyauta ne, kuma jaridun can sun buga labaran Kenya da yawa da aka aiko ta waya, sai dai yawancin abin da ke ciki bai wuce 1954 ba. Ki tuna Guardian a lokacin Manchester Guardian take, sai 1959 ta sauke sunan garin.

Bayan kin cika layukan, ki yi abin da zai mai da damuwarki babi mai kyau: ki nemi inda kalmar ba ta fito ba. Gwamnati ma tana da nata sunayen. Tambayar tsararru da duka ana kiranta "screening". Sansanonin tsarewa na "rehabilitation" ne, wato gyaran hali. An kwashe fiye da mutum miliyan ɗaya an cusa su a ƙauyukan da aka kewaye da waya da ramuka, aka ce don kare su ne. Ki duba wace jarida ce ta taɓe wa waɗannan baki, wacce ce ta haɗiye su tsurarsu. Ki ajiye Daily Mail ko Daily Express kusa da Manchester Guardian ko Observer na mako ɗaya, ki ƙara da East African Standard ta Turawan da ke zaune a Kenya in kin same ta. Jaridun Ingila ba baki ɗaya suke da shi ba, kuma a nan bambancinsu zai fito miki da lissafi, ba da shaci-faɗi ba.

A cikin babin, karon farko da kalmar ta fito ki kawo jimlar Turancin yadda take, ki bi ta da fassararki, ki yi bayanin layi uku ko huɗu a kan yadda kika rarrabe ma'anoninta. Daga nan duk "wai" da za ta fito ta zauna cikin alamun zance, a bakin jaridar. In ke ce ke magana da muryarki, ki rubuta "Waruhiu Itote, wanda mayaƙansa suka sani da Janar China", ki wuce. Takardar layukan nan kuma ki lanƙaya ta a ƙarshen aikin a matsayin rataye, ki kai wa malaminki ita tun kafin ki sake buga babin, ya ga a kan me kika tsayar da kowace fassara.